Yayana yana so in rubuta cewa shayina yana warkar da hawan jini

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni matar aure ce mai shekara 34, ina zaune a Tawa da mijina da ƴaƴanmu uku. Shekara biyu ke nan ina haɗa shayin ganye ina sayarwa: zogale, soɓorodo, geza, citta da na'ana'a, da wasu haɗe-haɗen da na koya a wurin kakata, Allah ya jiƙanta. Yayana da ke kasuwanci a Yamai ya zuba mini jika 400, na sayi injin liƙe leda da ma'auni. Yanzu ya aiko mini da rubutun da yake so a buga a jikin ledar: "BIO 100%. Yana warkar da hawan jini, ciwon sukari, taifot da masassara." Ya ce haka kowa yake yi, kuma idan ban yi ba kayana ba za su karɓu a Yamai ba. BIO yana nufin amfanin gonar da aka noma ba feshi ba takin kanti, ni kuwa a kasuwa nake sayen zogalen, ban san ko an fesa masa magani ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta ce mini ta ajiye ƙwayoyinta na tansiyo, wato hawan jini, tun da ta fara shan shayina. Yaya ne ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, ba na son in saɓa masa. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kafin mu zo kan Yaya da rubutun da ya aiko, akwai maganar da bai kamata ta kwana ba, wato ta wannan dattijuwa. Ki shiga gidanta yau, ki gaishe ta, ki gaya mata da bakinki cewa shayinki ba ya zama a madadin ƙwayoyin da likita ya rubuta mata, sannan ki roƙi ɗaya daga cikin ƴaƴanta ya raka ta CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko babban asibitin Tawa a auna ta. Hawan jini ciwo ne mai ɓoye kansa. Mutum yana iya yawo da awon da ya wuce 14 bisa 9 yana jin garau, yana zuwa suna da biki, har ranar da ɓarin jiki zai shanye ko ƙoda ta gaza. Gaskiya ne an yi gwaje-gwajen da suka nuna soɓorodo yana ɗan sauke jini, amma saukin kaɗan ne, ba ya isa ga wanda ciwonsa ya riga ya kai ga shan ƙwaya kullum. Idan tana son ci gaba da shan shayin, ta gaya wa mai duba ta, domin ya san abin da take haɗawa da maganinsa. Ki lura kuma cewa wannan ya faru ne alhali ba ki rubuta komai a jikin leda ba. Ki auna abin da zai faru idan alkawarin warkarwa ya fito a buge, da manyan haruffa, ya shiga gidajen da ba ki taɓa takawa ba.

A nan ne bambancinki da kakarki yake, kuma ina so ki tsaya a kansa sosai. Ban raina sanin da ta bar miki ba, domin mu ma da sabara da geza aka raine mu, kuma har gobe ina dafa citta da kanumfari idan mura ta kama ni. Amma kakarki ba ta taɓa ba da magani ga wanda ba ta gani ba. Mutum ne yake zuwa ya zauna a kan tabarmarta, ta dubi idonsa, ta taɓa goshinsa, ta tambayi kwana nawa, ta san ko mai ciki ce, ko yaro ne, ko tsoho ne da ba shi da ƙarfi, kuma irin waɗannan tsofaffi sun san lokacin da suke cewa wannan ba nawa ba ne, ku kai shi likita. Leda ba ta yin tambaya. Tana shiga mota ta yi tafiyar fiye da kilomita 500 zuwa Yamai, ta faɗa hannun wanda ba ki sani ba, kuma abin da ke rubuce a jikinta shi ne kaɗai bakinki a wurin. Saboda haka duk kalmar da za ki buga, ki ɗauka kina faɗa wa mai ciki, da uwar jariri, da tsoho mai ciwon ƙoda ne a lokaci guda.

Dubi cututtuka huɗun da Yaya ya jera. Masassarar cizon sauro tana iya kashe ƙaramin yaro cikin ƴan kwanaki, kuma kin san yadda gadajen asibiti suke cika daga watan Agusta zuwa Oktoba. Uwar da ta karanta cewa shayinki yana warkar da masassara za ta iya jinkirta kai ɗanta awon jini kwana biyu, kuma waɗannan kwana biyun ne ake rasa yara a cikinsu. Maganin masassara na zamani da ake bayarwa a likita daga wani tsiro dangin tazargade aka samo shi, har malamar ƙasar Sin da ta gano shi, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Duk da haka, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce ba ta goyon bayan a dogara da shayin ganyen wannan tsiro wajen maganin masassara, saboda yawan sinadarin yana bambanta daga ganye zuwa ganye, kuma abin da bai isa ya kashe ƙwayar cutar ba yana iya koya mata jure magani. Idan an faɗi haka a kan tsiron da maganin ya fito daga cikinsa, ina ga haɗin zogale da na'ana'a? Taifot kuwa ƙwayar cuta ce da ke iya huda hanji idan ba a sha maganin da ya dace ba. Ciwon sukari da hawan jini lallaɓa su ake yi tsawon rai da abinci da magani da awo. Babu ɗaya cikin huɗun nan da za ki iya tsayawa gaban Allah ki ce kin tabbatar shayinki yana warkarwa. Malamai suna kawo hadisin da ke cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, to alhakin abin da ya faru yana wuyansa.

Ta fuskar hukuma ma maganar ba ƙarama ba ce. Da zarar kin rubuta cewa abu yana warkar da cuta, kin fitar da shi daga sahun abin sha kin shigar da shi sahun magani, kuma sha'anin magani a Nijar, har da na gargajiya, yana ƙarƙashin ma'aikatar kiwon lafiya, da dokar harhaɗa magunguna mai lamba 97-002 ta watan Janairun 1997. Wanda yake so a karɓi haɗinsa a matsayin magani sai ya bi ta hannunsu, a duba abin da ke ciki, a gwada. Ranar da wani ya cutu, sunanki da lambarki ne a jikin ledar, na Yaya ba ya nan.

Ya ce kowa haka yake yi, kuma kayansu suna tafiya. Bari in gaya miki dalilin da ya sa wasu daga cikin kayan nan suke aiki nan take. Akwai marasa tsoron Allah da ke daka ƙwayoyin farmasi su zuba cikin garin ganye: maganin ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac, ko dexamethasone, ko maganin ƙarfin maza. Na ga wannan a cikin danginmu. Wata ƴar'uwata ta yi wata uku tana shan wani gari da aka sayar mata a matsayin maganin sanyi, a cikin leda marar suna. Kwanakin farko ciwon gwiwa ya tafi, tana ta yaba wa mai maganin. Daga baya fuskarta ta kumbura ta yi zagaye, ƙafafunta suka sirance, fatar cikinta ta yi zane-zane, kuma da aka auna ta aka tarar sukarinta ya hau. Likitan da ya gan ta bai ɗauki lokaci ba ya ce alamun dexamethasone ne, sai da aka yi makonni ana rage mata shi a hankali, domin yanke shi farat ɗaya ma haɗari ne. Na kawo miki wannan ne domin abu biyu: kada ki auna kanki da saurin cinikin irin waɗannan mutane, kuma kada ki taɓa sayen garin da aka riga aka daka daga hannun wanda ba ki sani ba ki zuba a haɗinki. Ki sayi ganye da fure da saiwa a siffarsu, ki daka da kanki.

Sai kalmar BIO. Tsoronki a kan zogale yana kan hanya. Akwai wata tsutsa da ke cinye ganyen zogale a lambunan ƙasar nan, tana iya mai da fage ƙirare cikin ƴan kwanaki, kuma masu lambu da yawa ba su da abin da suke yi mata sai feshi. Wasu suna amfani da maganin ƙwarin nan piya-piya da makamantansa, wasu suna yankan ganye kwana kaɗan bayan feshin domin kasuwa ba ta jira. Ƙungiyar RECA, wadda ta haɗa majalisun manoma na jihohi, ta daɗe tana jan hankali cewa yawancin magungunan ƙwarin da ke kasuwanninmu ba su da amincewar kwamitin ƙasashen Sahel da ke tantance su. Ba na zargin mai lambu, yana kare abincin ƴaƴansa ne. Amma ke da kika sayi buhu a kasuwa ba ki da hanyar sanin abin da ya hau kan ganyen, kuma shanya ba ta tabbatar da cewa ya tafi. A ƙasashen Turai kalmar nan tana da doka: gona sai ta yi shekara 2 ba feshi ba takin kanti kafin a kira amfaninta da wannan suna, itatuwa masu daɗewa kuwa shekara 3, ga mai bincike da ke zuwa duk shekara, ga kuɗin takarda. Ba ki kai nan ba tukuna, kuma babu abin kunya a ciki. Abin kunyar shi ne a buga abin da ba a sani ba. Kin san labarin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wa mai shi me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama ba domin mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

Akwai hanyar da za ki bi ki kai ga abin da Yaya yake so da gaskiya, sai dai tana bukatar ƙafa. Ki nemi masu lambu biyu ko uku, ko wata ƙungiyar mata, a kusa da gari ko wajen Tabalak inda ruwa yake, ki yi yarjejeniya da su cewa za su ware miki fage, ba za su fesa masa maganin kanti ba, ke kuma za ki saye duk abin da ya fito a farashin da ya ɗara na kasuwa. Dole ki ƙara musu, domin wanda ya bar feshi yana asarar wani ɓangare na ganyensa, kuma bai dace ki ɗora masa asarar shi kaɗai ba. Ruwan dakakken ƙwallon bedi yana rage tsutsar idan ana fesawa a kai a kai, kuma bedi ba ya wuya a jiharku, tun da aka dasa layukansa a kwarin Majiya daga 1975. Majalisar manoma ta jihar Tawa za ta iya haɗa ki da malamin gona da zai nuna musu yadda ake jiƙa shi. Ki riƙa zuwa lambun ba tare da sanarwa ba, ki duba bayan bukka ko akwai kwalaben magani. Soɓorodo ya fi sauƙi, domin mata suna shuka shi a gefen gonakin hatsi, kuma za ki iya sayen na shekara guda bayan kaka daga hannun waɗanda kika sani. Ranar da kika ga wannan da idonki, sai ki rubuta sunan garin da ganyen ya fito, ki ce ba a fesa masa maganin ƙwari na kanti ba. Kafin wannan rana, "busasshen ganyen zogale" ya isa.

Tsabta ma tana cikin amanar. Ki wanke ganye da ruwa mai kyau, ki shanya a inuwa, a kan raga ko tsabtataccen zane a bisa gado, a ɗakin da iska ke ratsawa, nesa da awaki da kaji da ƙurar hunturu. Zogalen da ya bushe daidai yana nan kore shar, kuma idan kika murza shi tsakanin yatsu yana rugujewa da ɗan ƙara. Wanda ya yi ruwan ƙasa rana ta ƙone shi, wanda yake lanƙwasawa bai bushe ba, kuma idan kika liƙe shi a leda haka zai yi fumfuna. Citta ta fi kowa wannan matsala da damina: ki karya ta ki duba cikinta ki shinshina, domin wasu nau'in fumfuna suna barin dafin da ke cutar da hanta, kuma tafasawa ba ta kashe shi. Kada ki zuba kaya a buhun da aka taɓa sa taki ko maganin ƙwari. Idan ciniki ya ɗan zauna, ki kai samfur LANSPEX a Yamai, ɗakin gwajin ƙasa da ke duba magani da abinci da ruwa, ki ajiye takardar sakamakon. Wannan takarda za ta buɗe miki ƙofar manyan kantuna fiye da kowace kalmar talla.

Abin da ake ɗebowa a daji, irin su geza da sabara, ki tsaya ga ganye, ki rage bukatar ɓawo da saiwa. Duk wanda ya bi hanyoyinmu ya ga maɗacin da aka saɓule wa ɓawo har zagaye, ya tsaya fari fat ya bushe a tsaye. Ƙasar da ta sha wahala wajen mai da itatuwa gonaki ta hanyar sassaben zamani ba ta cancanci sana'armu ta zama sanadin kashe su ba, kuma dokar gandun daji ta 2004 tana kare wasu itatuwan. Matan da ke ɗebo miki ki biya su a hannu, ki auna da tiya ɗaya wadda kowa ya sani.

A jikin ledar ki rubuta sunan kowane tsiro da ke ciki, da Hausa da Faransanci, kada ki ɓoye ko ɗaya da sunan sirrin kaka, domin mai shan abu yana da haƙƙin sanin abin da yake sha. Sirrinki yana cikin yawan kowanne da yadda kike haɗawa. Ki sa nauyi, da ranar ɗauri, da lambar zubi, da yadda ake dafawa, da lambar wayarki. Ki ƙara layi guda da ke cewa wannan abin sha ne, mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara da mai shan maganin likita su yi tambaya kafin su sha. Idan akwai filasko a wani haɗin, ki faɗa a fili cewa yana sa gudawa, kuma ba na sha kullum ba ne. Ki sayi littafi ki riƙa rubuta wa ya kawo miki kowane zubi da ranar da ya kawo, ki kuma ajiye leda ɗaya daga kowanne, domin idan wani ya kawo ƙorafi ki san inda za ki duba.

Yanzu ga Yaya. Mutumin da ya riƙe ku bayan rasuwar mahaifinku, ya kuma zuba jika 400 a sana'ar ƙanwarsa, ba mugu ba ne. Ɗan kasuwa ne da ya ga abin da ke tafiya a kasuwar Katako ta Yamai ya ce a yi irinsa, kuma mai yiwuwa bai taɓa tunanin dattijuwar maƙwabciyarki ba. Kada ki yi wannan magana ta saƙon murya a WhatsApp. Ki shawarci mijinki, sannan ki je Yamai ko ki jira zuwan Yaya gida, ki fara da godiya, ki ba shi labarin dattijuwar kamar yadda kika ba ni, ki ce masa: "Yaya, ina tsoron a ce shayin gidanmu ne ya kwantar da uwar wani, kuma ina tsoron hukuma ta kwashe kayan, kuɗinka su tafi." Ki nuna masa cewa dukiyarsa da sunan gidanku kike karewa. Kada ki je hannu biyu, ki tafi da rubutun da kika shirya a madadin nasa, da lissafin abin da za ki kashe wajen masu lambu. Idan kina jin nauyinsa ba za ki iya faɗa ba, ki sa mahaifiyarku ko kawunku ya zauna tare da ku.

A wannan zaman ne kuma ya kamata ku warware abin da wasiƙarki ba ta fayyace ba: kuɗin nan bashi ne, kyauta ce, ko haɗin jari ne? Rashin fayyace wannan shi ke ɓata zumunci a gidaje da yawa. Idan bashi ne, ku sa abin da za ki riƙa biya duk wata, kuma hukuncin abin da ke jikin leda naki ne. Idan haɗin jari ne, ku rubuta rabon riba da yadda za a ɗauki asara, da shaidu biyu, ku kuma rubuta cewa abin da ya shafi haɗi da rubutun leda yana hannun wadda ke haɗawa. Idan bayan duk wannan ya dage sai an buga alkawarin warkarwa, to ki ba shi haƙuri cikin ladabi, ki ce za ki mayar masa da kuɗinsa kaɗan-kaɗan, kuma ki ci gaba da gaishe shi da aika wa iyalinsa shayi kamar yadda kika saba. Zai iya yin fushi na ɗan lokaci, kuma wannan zai yi miki zafi, na sani.

Ba zan ɓoye miki ba, cinikinki zai yi tafiyar hawainiya da farko, kuma za ki ga wasu sun wuce ki. Amma masu sayen shayi domin daɗinsa da tsabtarsa suna nan da yawa: ma'aikatan ofis, masu kantuna, gidajen da ke neman soɓorodo mai kyau da azumi, da masu zuwa baje kolin noma a Yamai, kuma irin waɗannan su ne masu dawowa duk wata. Idan kin tashi shiga kantunan, ki yi rajistar sana'arki ki samu lambar NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji, Yaya zai iya taimaka miki da wannan tunda ya san hanya. Allah ya sa albarka a hannunki, ya daidaita tsakaninki da ɗan'uwanki. Ki rubuto mini bayan an auna dattijuwar, ina so in ji nawa jininta ya nuna da kuma ko ta koma kan ƙwayoyinta.